Da wayar Kawu a Guangzhou

Duk Alhajin da ya daɗe yana sarin kaya daga Sin a Kantin Kwari za ka same shi da waya biyu a aljihu. Ɗaya ta gida ce, wadda iyali da abokan ciniki ke kira. Ɗayar ita ake ce wa wayar Chana, ba a ba yaro ita ya yi wasa, ba a kuma barin ta a kan kantar shago. Ta Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohuwar Huawei ce da ya saya can tun kafin annobar korona, gilashinta da tsaga a kusurwa, babu Google a cikinta ko na magani. Layin da ke ciki na Sin ne, mai farawa da +86, kuma ejan ɗinsa na Guangzhou ne ke zuba masa 'yan kuɗi duk wata don kada a rufe shi.

A watan Oktoban 2024 ciwon ƙafa ya hana Kawu doguwar tafiya. Ga shi azumi zai kama a farkon Maris, kayan Sallah kuwa idan ba a yi odarsu tun da kaka ba, sai dai su iso bayan an gama ɗinki. Ni ne na fi daɗewa a shagonsa cikin yaran gida, sai ya ce ni zan je. Daren da zan tashi ya kira ni ɗakinsa, ya miƙo mini wayar da cajarta mai baki biyu irin ta can, ya ce:

"Ɗana, ka ga wannan? Sunana ne a kanta, nan da can. Hirar da na yi da masu kaya ka karanta ta har ka haddace. Wadda ba ta kasuwa ba, ba taka ba ce. Kada ka saka mata komai, kada ka goge komai. Kuɗin da ke ciki na abinci ne da mota. Manyan kuɗi ta hannun ejan za su bi."

Na ce, "To Kawu, ku kuma da me za ku riƙa magana da su?" Ya ce ai ni ne bakinsa yanzu, in da wata magana na same shi ta WeChat ɗin babban ɗansa, wato manhajar hira ta Sin mai kama da WhatsApp.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka yada zango a Addis Ababa, daga nan muka kwana a sama har filin Baiyun na Guangzhou. Ina fitowa daga wurin masu buga fasfo na ciro tawa wayar don na sanar da gida na sauka. Tecno ce, wadda kamfanin Transsion da ke Shenzhen ke ƙerawa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa daga birnin da na sauka. Amma kamfanin don mu yake yin ta, kasuwarsa tana Afirka, da wuya ka ga Basine riƙe da irinta. Na samu intanet ɗin filin jirgi, na aika saƙo ta WhatsApp, ya tsaya cak da alamar agogo. Hukumomin Sin sun toshe Facebook tun 2009, WhatsApp tun 2017, Google da taswirarsa da Gmail duk haka. Idan ka bar layinka na gida yana aiki a can, waɗannan manhajojin suna buɗewa, domin intanet ɗin ta kamfaninka na gida yake bi. Na gwada, saƙona ya tafi, amma yadda katin ya riƙa zurarewa ya sa na kashe tun kafin amsa ta dawo.

Sai na kunna ta Kawu. Kafin na kai bakin ƙofa ta cika da ƙara, saƙo kan saƙo. Na farko na ejan ne, mutumin Damagaram wanda karatu ya kai shi Sin ya zarce da aikin kaya. Muryarsa ce da Hausa tsantsa: "Sannu da hanya. Ka tsaya ƙofar da na turo maka hotonta, ga lambar mota nan, direban ba ya jin Turanci, ka nuna masa allon kawai." Haka aka yi. Direban ya dubi allo, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ɗauki jakata. Baƙo ko da ido makaho ne, ni kam ranar da wannan wayar na riƙa gani.

A unguwar Xiaobei na sauka, inda 'yan Afirka suka fi taruwa. Akwai doguwar gada ta masu tafiya a ƙasa, in ka tsaya a kanta da yamma za ka ji Hausa da Bambara da Faransanci da Larabci da Swahili cikin minti kaɗan. Ga benen Tianxiu cike da ofisoshin masu tura kaya, ga lungunan da ke bayansa cike da gidajen abincin Musulmin Sin, 'yan kabilar Hui da Uygur, masu gasa nama a tsinke da tuya gurasa a tanderu. Tsofaffin 'yan kasuwa sun ce mini abin da na gani rabin na da ne. Tsananta biza ya rage mutane, sannan abin da ya faru a watan Afrilun 2020, lokacin da aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal da sunan korona, ya sa da yawa suka tafi ba su dawo ba. Wasu a cikin waɗanda suka ba ni labarin a titi suka kwana a lokacin, kuma har yanzu da ɗaci a bakinsu.

Abu na farko da ke girgiza baƙo shi ne kuɗi. Na zo da takardun yuan a aljihu, kuma doka ta hana a ƙi karɓarsu, amma idan ka miƙa wa mai shago takardar 100 sai ka ga ya shiga neman canji wajen maƙwabta. Kowa da waya yake biya, ta WeChat ko Alipay, daga mai sayar da lemo a kan keke har mai babban kanti. Kowane teburi da ɗan hoton nan mai ɗigo-ɗigo, ka haska shi, ka rubuta kuɗin, ka sa lambar sirri, wata 'yar na'ura ta yi shela cewa kuɗi sun shiga. Baƙi na iya haɗa katin bankinsu na waje da waɗannan manhajoji, amma a lokacin katunan naira na yawancin bankunanmu ba sa aiki a ƙetare, don haka wannan ƙofar a rufe take gare ni. Da asusun Kawu na sha taliyar Lanzhou mai romon naman sa, da shi na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa wanda kuɗinsa ke farawa daga yuan 2. Yuan ɗaya a lokacin ta haura naira 200, shi ya sa na ware shafi a ɗan littafina ina rubuta ko kuɗin ruwan sha. Wayar tana ajiye lissafinta, Kawu kuma bai ce na rubuta ba. Na dai ga wanda ke kashe kuɗin wani ya kamata ya zo da lissafinsa a hannu kafin a tambaye shi.

Inda na san ainihin abin da aka ba ni aro shi ne kasuwa. Leshi da yadi da mayafai muka zo saye, kuma yawancin masu kayan Kawu suna wajen Zhongda, kasuwar yadi da ke kusa da jami'ar Sun Yat-sen. Kasuwa ce da ta ci unguwa guda, benaye ne hawa-hawa, kekuna masu ƙafa uku ɗauke da bandir-bandir suna ratsa mutane. Na shiga shagon wata mata mai sayar da leshi, na yi gaisuwa, ta dube ni yadda ake duban duk wani sabon baƙo, ta ɗauko kalkuleta ta buga mini farashi. Ban ce komai ba, na buɗe hirarta da Kawu na ajiye wayar a kan teburi. Ta ga hotonsa da hularsa zanna a kusurwar allo, sai fuskarta ta canza. "Alaji! Alaji!" Ta kira mijinta daga ciki, aka jawo mini kujera, aka dafa shayi a 'yan ƙananan kofuna, ta share lambar da ta buga ta buga wata. Na ji kamar wanda ya sa babbar rigar Kawu ya shiga taro, ana ta gaida rigar ni kuma ina amsawa.

Ba ta jin Turanci sosai, ni ma nawa na kasuwa ne. Sai ta riƙa rubutu da harshensu a wayarta tana turowa, ni kuma na danne saƙon da yatsa manhajar ta fassara mini. Muna zaune teburi ɗaya, kowa kansa a sunkuye, muna ciniki. Ta tambayi ƙafar Kawu, ta ce a gaya masa ya rage hawan bene. Da aka zo maganar biya, al'adar kasuwar ita ce a ba da kafin alƙalami, galibi kashi 30 cikin 100, a cika sauran kafin a ɗauki kaya. Ita kuwa ta rubuto cewa na Alaji a loda kawai, ya biya sauran idan kwantena ta isa. Kuɗin da ta yarda su tsallaka teku a kan bashi sun fi duk abin da na taɓa riƙewa a rayuwata, kuma babu takardar kotu, babu jingina.

Da daddare a ɗaki na zauna na yi abin da Kawu ya umarce ni, na bi hirarsu daga sama. Shekaru ne jere a wurin. Hotunan samfur, launin da Kano ke so da wanda ba ta so, farashin kowace shekara, ranar da kwantena ta tashi da ranar da ta iso. Na ga inda aka turo masa leshin da launinsa ya saɓa da samfur, ya ɗauki hoto ya aika, bai zagi kowa ba, ya ce a raba asarar biyu. Na ga inda aka yi kuskuren ƙara masa bandir a cikin kaya, ba wanda ya sani sai shi, ya ƙirga ya turo kuɗinsu. Na ga watannin korona, lokacin da kasuwa ta tsaya cak a Kano, yana turo abin da ya samu kaɗan-kaɗan tare da ba da haƙuri, har ya kammala. Na yi shekaru ina buɗe shagon mutumin nan ina rufewa, ban taɓa jin ya ambaci ko ɗaya daga ciki ba. Washegari da na shiga wurin mai mayafai na san farashin bara da na bara waccan, na san wane irin yadi ne ya taɓa yin kwantai, ban bari an maimaita mana shi ba.

Akwai kuma ɓangaren da aka ce ba nawa ba ne, kuma shi ya fi wuyar riƙewa, domin waya ba ta san an ba da ita aro ba. Saƙo na shigowa sai ya hau saman allo ko kana so ko ba ka so. Na koyi kifa ta a kan teburi, na kuma koyi kawar da ido daga sunayen da ba na masu kaya ba. Wata rana da yamma saƙonnin murya suka riƙa shigowa daga wani suna na Bahaushe, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya cika daƙiƙa 60 ɗin da manhajar ke bayarwa. Wanda ya turo irin wannan a jere yana cikin wani hali. Ban buɗe ba. Na jira aka idar da azahar a Kano, domin Sin tana gabanmu da awa 7, na kira Kawu na faɗa masa sunan.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Buɗe ka ji, ka faɗa mini."

Mutumin tsohon abokin cinikinsa ne. Kayansa sun salwanta shekarun baya, bashi ya yi masa katutu, bizarsa ta ƙare, ya kasa komawa gida. A Sin wanda ya wuce wa'adin biza tara ce a kansa ta yuan 500 kowace rana, har zuwa 10,000, ga yiwuwar tsarewa, shi ya sa irin waɗannan mutane ke zama a ɓoye, ba asibiti, ba otal. Ya ga alamar layin ya dawo ƙasar, ya ɗauka Kawu ne ya zo. Ba shi da lafiya, kuma ya yanke shawarar miƙa kansa ga hukuma a mayar da shi gida, amma ba shi da kuɗin tara balle na tikiti. Cikin waɗanda ke bin sa bashi har da Kawu.

Kawu ya ce, "Ka je ka gan shi da idonka. Ka gaishe shi kamar yadda za ka gaishe ni. Zan yi wa ejan magana ya ba ka abin da za ka kai masa. Maganar bashi kuwa ko da wasa kada ta fito daga bakinka."

Na same shi a wani ɗan ɗaki a bayan gari wajen Foshan. Dattijo ne, sa'an Kawu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, Kawu ya ce a gaishe ku da jiki." Na kira Kano na miƙa masa wayar, na fita na tsaya a bakin ƙofa har suka gama. Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Ina ganin ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu su ɗauki maganar irin waɗannan mutane da gaske, domin ba shi kaɗai ba ne, kuma ba kowa ke da lambar wanda zai amsa masa ba.

Ranar Juma'a na hau layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka tashar Yuexiu Park, na bi ayarin masu farar hula zuwa masallacin Xianxian. A harabarsa akwai kabarin da Musulmin Sin ke cewa na Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne, wanda suke danganta zuwan Musulunci ƙasar da shi. Malaman tarihinmu sun tabbatar da cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne Sa'ad, amma ko ma wane ne ke kwance a wurin, tsufan Musulunci a birnin ba abin musu ba ne. Masallacin Huaisheng da ke tsakiyar gari, mai hasumiya doguwa ta mita 36, ana lissafa shi cikin mafi daɗewa a ƙasar. Sahu ya cika har ƙarƙashin bishiyoyi, Sinawa da Larabawa da 'yan Pakistan da mu. Yamma muka fuskanta. Tun a ɗakin otal da manhajar salla ta wayar Kawu ta nuna mini alƙibla wajen faɗuwar rana sai da na sake dubawa, domin jikin mutumin Kano ya saba da gabas.

Magana da gida kuwa sai an shirya mata. Mahaifiyata ba ta da WeChat, buɗe sabo kuma daga Najeriya sai an samu mai tsohon asusu ya tabbatar da kai. Sai ya zama ɗan Kawu ne ke ɗaukar wayarsa ya kai mata bayan azahar, ni kuma lokacin na idar da isha'i. Tambayarta ba ta wuce biyu: ina cin abinci, kuma naman halal ne? Abokan tafiya sun yi ta ba ni shawarar na saka VPN, manhajar kauce wa toshewar intanet, na riƙa shiga WhatsApp yadda suke yi. Wani lokaci yana yi musu aiki, wani lokaci ya ƙi, kuma hukuma ba ta amince da yawancinsu ba. An ce kada na saka komai, ban saka ba. Duk abin da aka yi da layin nan, fasfon Kawu ne ke rajista a kansa.

Kayan aro dai ba ya rufe katara. A otal fasfona aka karɓa aka yi mini rajista da 'yan sanda, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Da na tashi zuwa Shenzhen duba kayan waya a kasuwar Huaqiangbei don wani maƙwabcinmu, tikitin jirgin ƙasa mai gudu da sunana da lambar fasfona aka yanka, fasfon ne ma tikitin a bakin ƙofa. Ga batir ɗin tsohuwar waya, kafin la'asar ya yi ja. A can mutuwar batir na nufin ba kuɗin mota, ba taswira, ba tafinta. Ko akwatunan hayar abin caji da ke ko'ina a shaguna, sai da waya mai rai ake buɗe su. Shi ya sa na rubuta adireshin otal da harshensu a takarda, da lambar ejan, na naɗe da 'yan yuan a aljihun ciki.

Ranar loda kaya a sito muka wuni. Ejan da ma'aikatansa suna auna kowane ƙunshi da tef, domin da faɗin wuri ake biyan kuɗin jirgin ruwa, ni kuma ina duba alamar shagonmu a jikin kowane buhu ina ɗaukar hoto. Kwantenar mai ƙafa 40 ce, mun haɗa da wasu 'yan Kwari biyu. Da aka rufe ƙofa aka ɗaura hatimi na ɗauki lambarsa na aika Kano. Daga nan sai teku har Legas, sannan tirela zuwa gida.

Kafin na taso ejan ya raka ni ofishin kamfanin waya. Suka karɓi fasfona, suka ɗauki hotona, suka ba ni layi da sunana. Na saka shi a Tecno ɗina na buɗe WeChat, ejan ya tabbatar da ni. Na zaga wurin masu kayan ɗaya bayan ɗaya suna haska hotona mai ɗigo-ɗigo suna ƙara ni. Ina da 'yan kuɗina da na daɗe ina tarawa, Kawu kuma ya yi mini izini na sayi abin da zan gwada da kaina. Na koma wurin mai leshi, na zaɓi kala uku, na tura mata odar daga sabon layina. Ta karanta, ta yi murmushi, ta sake zuba mini shayi. Farashin Alaji ta ba ni, ba ta ƙara ko yuan ɗaya ba. Sannan ta rubuto sharaɗin: kashi 30 yanzu, sauran kafin kaya su bar shago. Na ce na yarda, muka ƙirga kuɗin a kan teburi, ta rubuta rasit da sunana.